Karce a Ƙarƙashin Fiffiken Hagu

Ban gama ɗaga ƙofar shago ba Kawu ya miƙo min wayarsa.

"Karanta min wannan, Baƙo. Hannuna da mai."

Hannunsa a bushe yake ƙarau. Na karɓa kawai, don tun da na zo shagon nan, duk lokacin da saƙo ya shigo sai hannun Kawu ya yi mai.

Saƙon daga Likita ne, wani tsohon likitan haƙori, abokin Kawu kuma abokin gardamarsa. A zauren hira na waya, na masu tara tsofaffin sulalla, ya rubuta shi, inda kowa zai gani: "Mai Agogo, ka ja kunnen yaronka. Hoton sulen tsuntsun da kuka sa a gwanjo, shi ne dai hoton wanda ka sayar wa malamar makarantar nan watan jiya. Fitila kawai aka juya. Lalaci ba kyau."

"Ka ji ko?" in ji Kawu. "A gaban mutane! Sau nawa zan gaya maka kowane sule da hotonsa?"

"Kawu, wallahi sabon hoto na ɗauka."

"Kar ka rantse min da sassafe. Kai da ko shayi ba ka iya jira ya huce."

Maganar shayin dai gaskiya ce. Ni ne na bar makaranta ana tsakiyar zango saboda zaman aji yana sa ƙafata ƙaiƙayi. Na yi wankin mota, na yi koyon aski har na yanki kunnen wani bawan Allah, na yi dako a tasha, na bi wata babbar mota na dawo da zazzaɓi. Ba inda na ga ƙarshen shekara. Da Umma ta gaji, ta kamo hannuna ta kawo ni wurin yayanta, ta ce ko shara ce ya ba ni. Ranar ya raɗa min Baƙo, wai kada a wahala a ba ni kujera, yanzu zan tashi. Saboda haka in aka ce wani ya yi ha'inci a shagon nan, ba sai an yi dogon bincike ba.

Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin tela da mai gyaran waya. Da can agogo Kawu yake gyarawa. Har yanzu akwai matattun agoguna rataye a bango, kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, sai ya koma ga abin da yake so tun yana saurayi, wato tsofaffin sulallan da aka daina ciniki da su. A shafin gwanjo na intanet yake saye, a can kuma yake sayarwa. Ni aikina hoto da rubutu. Kwali na samu na liƙa masa farar takarda a ciki, na huda gefe na sa fitila, in jingina waya da gwangwanin madara in ɗauka.

Amma ba saye da sayarwa ne suka yi wa Kawu suna ba, kama jabu ne. A zauren nan, in wani ya ga sule a gwanjo zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ka ji an ce a jira Mai Agogo. Yana da hanyarsa. Ya ɗora a sikeli, ya kanga mayen ƙarfe, ya bi gefen da farce, sannan ya sake shi a kan wani ɓallin dutse mai sulɓi, ya karkata kai yana sauraron kukan azurfa. Daga ƙarshe ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido ya bi fuskar sulen. In ya tabbatar sai ya ce, "Baƙo, danna musu." Ni kuma in danna wurin kai ƙara, in tura hotuna da bayani. Bai taɓa kai ƙarar da ta faɗi ba, bai kuma taɓa sayar wa kowa jabu ba. In ka cire agogunan bango, sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Abin da 'yan zaure ba su sani ba, gilashin nan yanzu ado ne. Ya maƙala, ya ce "uhm", ya ajiye. Na sha ganinsa yana duba sule a juye, kan sulen a ƙasa. Ban taɓa faɗa ba.

Da hantsi ya ɗauki wani ƙunshi zai kai gidan waya. A bakin ƙofa ya juyo.

"Kafin in dawo ka ɗauki sabon hoto ka canja, ka kuma ba Likita haƙuri da bakinka. Gwanjon nan kafin magariba zai rufe."

Haushi ne ya sa na jawo aljihun tebur, ba wayo ba. So nake in nuna masa ba ƙarya na yi ba. Sulallan tsuntsun guda uku ya saya tare, daga wani mai shafi da ya ce gadon kakansa ne. Gaba tsuntsu ne ya buɗe fikafikai, baya bishiya. Ɗaya ya tafi wurin malamar, ɗaya muka sa a gwanjo, ɗaya yana cikin ambulan ba a taɓa shi ba. Na nemo tsohon hoton na ajiye kusa da sabon, na ja su da yatsa har tsuntsun ya cika fuskar waya.

A ƙarƙashin fiffiken hagu akwai wani ɗan karce mai lanƙwasa kamar ƙugiyar kifi. A duka hotunan biyu. A bakin sulen kuma, daidai saman shekarar, ɗan lotsawa kamar ya taɓa faɗuwa kan siminti. Shi ma a duka biyun. Har na fara shakkar kaina, ko dai na maimaita hoton ne na manta, don ni ma na san halina. Sai na zazzage na ukun daga ambulan, na maƙala gilashin Kawu.

Ƙugiyar tana nan. Lotsawar ma tana nan.

Kawu da kansa ya koya min wannan, wata rana da ruwan sama ya tsare mu a shago. Ya ce jabun gwanaye da azurfa ta gaske ake zuba shi, nauyi daidai, kuka daidai. Amma dole mai zubin ya samu sule ɗaya na gaske ya ɗauki siffarsa, kuma duk wanda ya fito daga mazubin nan da tabon uwarsa yake fitowa. Sulallan gaske kowanne da yawon da ya yi a duniya, da aljihun da ya kwana, da ƙasan da ya faɗa. Ba yadda za a yi biyu su ji ciwo ɗaya a wuri ɗaya. Ranar ina sauraro ne da rabin kunne, ina kallon ko ruwan zai tsaya in fita. Ashe maganar ta zauna.

Ina zaune da sulallan biyu a tafin hannu Inna, matar Kawu, ta shigo da kwanon abincinsa.

"Ina maigidan?"

"Ya tafi gidan waya."

"Kai kuma me ya same ka ka yi zuru kamar an kawo maka sammaci?"

Na nuna mata. Inna ba ta san sule ba, amma ta san mijinta. Ta ajiye kwanon a hankali, ta zauna a kujerarsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wato an cuce shi."

"An cuce shi, shi ma ya cuci malama bai sani ba. Ga wani kuma zai saya yau."

Ta kalli agogunan bango.

"Yanar ido ce ta rufe masa idanu," ta ce. "Duka biyun. Likitan ido ya ce ɗan ƙaramin aiki ne, shi kuwa ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido. Ƙarya yake, ba wuƙar yake tsoro ba, tsoro yake a ji. Jiya gishiri ya zuba a shayi, ya shanye tas don kada in yi magana."

Ta matso ta rage murya, duk da keken tela ya cika wurin da ƙara.

"Ɗan nan, ka ce kai ne. Ka ce hoton ka maimaita, a wuce wurin. Kai ai an saba da kai."

"Na gode, Inna."

"Ba haka nake nufi ba, ja'iri. Kai in an zage ka yau, gobe ka manta, wataƙila ma ka bar garin. Shi fa? In mutanen wayar nan suka yi masa dariya, me zai tashi ya yi da safe? Zama zai yi min a gida yana gyara agogon da lafiyarsa ƙalau."

"Malamar fa?"

"Malama tana can tana murna da abinta. Wa ya gaya mata?"

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ba ta kalle ni ba da za ta fita, na kuma san ita ma maganar ba ta yi mata daɗi a baki ba.

Ba zan ɓoye ba, na gwada. Na sa sulen a kwali, na ɗaga fitilar sama, na ɗan karkata shi. Haske ya kwanta a kan fiffiken, ƙugiyar ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Hoton ya yi kyau fiye da duk wanda na taɓa ɗauka. In na sa shi na ba Likita haƙuri, magana ta mutu. A ce Baƙo malalaci ne, to, yau aka fara?

Na buɗe shafin zan canja, sai na ga saƙo daga ɗaya daga cikin masu tayi.

"Baba Mai Agogo, ni sabon shiga ne, wannan ne zai zama sulena na farko. Ban iya dubawa ba, amma tunda daga hannunka ne ba sai na duba ba."

Na karanta, na sake karantawa. Sunan da Inna take so in kare, shi ne zai hana bawan Allahn nan buɗe ido. Na goge hoton.

Kawu ya dawo rana ta take, yana share zufa da hularsa.

"Ka canja?"

"Ban canja ba."

"Ka ba Likita haƙuri?"

"A'a."

Ya buɗe baki zai fara, na tashi na sauke ƙofar shago zuwa rabi, don mai gyaran waya kunnensa ya fi eriya.

"Kawu, sulallan tsuntsun nan jabu ne. Duka ukun. Tabonsu ɗaya."

Na ɗauka mari zan sha. Ya laluba tebur ya ɗauki ɗaya.

"Ni za ka gaya wa jabu? Na auna su, na kanga musu ƙarfe. Saurara!"

Ya sake shi a kan dutsen. Sulen ya yi kuka siriri mai tsawo, har ya kwanta yana kaɗawa.

"Ka ji? Wannan kukan jabu ne? Don ka rufe lalacinka sai ka ɓata min kaya? Kai da ka zo jiya, gobe ma ba a san inda za a gan ka ba!"

"Kai ka ce min azurfa ma ana zubawa."

"Ba ni gilashi."

Na miƙa masa. Ya maƙala, ya kai sulen kusa da ido, ya yi nesa da shi, ya juya wajen fitila. Na ga zai ce "uhm" ya ajiye kamar kullum, sai na kama hannun.

"Kawu, bar gilashin. Ba ni babban yatsanka."

Ban san dalilin da ya sa ya bari ba. Na ɗora farcensa a ƙarƙashin fiffiken hagu, na ja shi a hankali. Farcen mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana taɓa haƙoran agogo ne, ba sai an faɗa masa ba. Na ji lokacin da ya maƙale a ƙugiyar. Ya bi ta sama, ya bi ta ƙasa. Na zare sulen na sa masa ɗayan. Wannan karon ban kama hannunsa ba. Da kansa ya nemo kan tsuntsun, ya gangaro fiffiken, ya tsaya. Sannan ya bi bakin sulen har ya iske lotsawar. Ya koma na farko. Ya dawo na biyu.

"Na malamar fa?"

"Haka yake a hoto."

Ya cire gilashin ya ajiye. Wani ya hau matakala a saman kanmu, ya sauko, wani ya sake hawa, Kawu bai motsa ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ɗazu, bayan fitarka."

"Ba sulen ba."

Na sunkuyar da kai. "Tun da hannunka ya fara yin mai."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Munafuki. Halin uwarka sak, ta ga abu ta yi kamar tana kallon bango."

"Kawu, ana iya cewa ni ne. A cire kayan kawai, a ce hoto na maimaita. Kowa zai yarda."

"Na san kowa zai yarda. Ni ma ai na yarda da safe."

Ban taɓa jin Kawu ya ba wani haƙuri ba, na kuma gane iyakar abin da zan samu ke nan. Ya ishe ni.

Ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Danna musu."

"Wa?"

"Mai gadon kaka tukuna. Sannan ni."

Na jera hotunan sulallan uku a layi ɗaya, na zagaye ƙugiyar da jan layi a kowanne, na zagaye lotsawar. Da na shiga shafin mutumin sai na ga ashe kakan nasa tsuntsaye ya yi kiwo. Ya sayar da su ga mutane da dama, kuma duk hoton da na ja, ƙugiyar tana leƙowa daga ƙarƙashin fiffike. Na haɗa duka na tura. Masu shafin suka amsa da saƙon nan nasu na kullum, wai za su duba. Sannan na janye namu gwanjon. Wurin da ake tambayar dalili na tsaya.

"Me zan sa?"

"Me muke sa wa mutane?"

Na sa jabu.

"Yanzu zaure," ya ce. "Rubuta. Sulen tsuntsun da na sa a gwanjo jabu ne. Wanda na sayar wa malama ma jabu ne. Ba a maimaita hoto ba, yaron bai yi laifi ba. Duk wanda ya sayi tsuntsu daga shafin nan ya duba ƙarƙashin fiffiken hagu. Ka rubuta?"

"Na rubuta."

"Ƙara da cewa ban gani ba."

Na rubuta, ya ce in karanta masa. Na karanta: "Abin ya shige mana."

"Ya shige wa wa? Ni na ce haka? Ban gani ba, don idona ya daina gani. Haka za ka sa. Kuma kar ka yi min wayo, zan sa tela ya karanta min."

Na sa yadda ya ce, na tura.

Amsa ta farko daga wani ne da Kawu ya taɓa sa aka janye masa kaya. Fuskokin dariya ya jero, ya ce ashe mai kamu ma ana kama shi. Na so in tsallake, Kawu ya ce in karanta duka, har fuskokin in gaya masa. Wani ya ce Allah ya ba da lafiya. Wani ya turo hoton nasa tsuntsun da ƙugiya ɓaro-ɓaro, yana ta salati. Da yawa sun karanta ba su ce komai ba, shirun nan kuma ya fi dariyar ciwo.

Malamar da kansa ya kira ta. Ta ce mahaifinta ta ba wa, tsohon har ya sa an yi masa ɗan akwati. Kawu ya ce ta dawo da shi a mayar mata da abinta. Ta ce to, a gajarce, ta kashe. Ya ci gaba da riƙe wayar a kunne bayan ta kashe.

Sai ga kiran Likita. Na sa a lasifika.

"Mai Agogo, wane irin tonon asiri ne wannan? Ni fa hoto na ce."

"Na ji abin da ka ce, tsohon maƙaryaci. Kai da kake hango rami a haƙorin mutum daga bakin ƙofa, karce ne ba ka gani ba?"

"To, na buɗe maka taga ka fita, ka ce sai ta ƙofa."

"Tagar taka a kan yaron mutane ta buɗe."

Likita ya sauke murya. "Yana kusa? Kai Baƙo, ka yafe ni. Amma fitilarka tana da yawa, ka rage."

Da suka gama, Kawu ya laluba cikin tsofaffin kayan agogo ya zaro wani ɗan kurfi, ƙarfen huda abu, da ƙaramar guduma. Ya ce jabun da ya shigo shagonsa ba ya fita da fuska. Ya ɗora sulen a katako, ya saita, ya buga. Gudumar ta sauka a gefe, saura kaɗan ta samu yatsansa. Ya tsaya. Sannan ya miƙo min kurfin da gudumar. Na buga a ƙirjin tsuntsun, na buga wa ɗayan.

Da la'asar Inna ta dawo ɗaukar kwano, ta tarar ko buɗe shi ba a yi ba. Ta kalle ni, na kalli bango. Ta ga sulallan da rami a ƙirji.

"Ke," in ji Kawu, "likitan nan naki mai wuƙa, wace rana yake zama?"

"Likitana ne yanzu?" ta ce, tana ta goge murfin kwanon da ba abin da ya same shi. "Zan tambaya."

Bayan ta fita waya ta yi ƙara. Wani ne a zaure ya turo hoton wani sulen jan ƙarfe da ya gani a gwanjo, yana tambaya ko a saya.

"Me suka ce?" in ji Kawu.

"Ana ta magana. Wani ya ce ya yi kyau, wani ya ce bai yarda da gefen ba."

"Ba wanda ya ce a jira ni?"

Na duba har ƙasa. "Ba wanda ya ce tukuna."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki gilashin ya juya shi a hannu, ya tura shi gefena na teburin.

"To ja hoton, ka gaya min abin da kake gani. A hankali, ba irin shan shayinka ba."

Na jawo kujerar da ke bayan ƙofa na zauna, na fara daga bakin sulen.